Zaren Gwaggo Yalwa

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina. Wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa in daina zagin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. To 'yar uwa, ban zagi kowa ba, abin da aka yi mini nake faɗa, in ya yi kama da zagi ba laifina ba ne. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Zaliha, haifaffiyar Urno ta ƙasar Madawa, kuma tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake soka wa kaina allura safe da yamma saboda ciwon sukari. Yau zan ba ku labarin zaren da aka ɗaura mini a ƙugu a shekarar 1985, ina 'yar sha shida.

Ku fara sanin yadda nake kafin allura. Da ciwon ya kama ni, ramewa na yi har ana ƙirga haƙarƙarina ta cikin riga. In shanye ƙwarya guda ta ruwa, in zagaya bayan ɗaki, in dawo in sake cika ta. Wasu mata suka ce maita ce, wasu suka ce iskokin gidan kakanninmu ne da aka daina yi wa yanka. Babana Habu ne ya toshe kunnensa, ya saka ni a kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa Madawa, daga can aka tura mu asibitin mishan. Muka dawo da sirinjin gilashi, da 'yar tukunyar dafa shi, da kwalbar insulin wadda nake ajiyewa cikin ƙaramin tulu, a binne cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa don kada zafi ya lalata ta. Duk mako biyu sai in je likitar garinmu, haka muke kiran ƙaramin asibiti, in karɓo sabuwar kwalba daga firjin kalanzir. Mai kula da wurin shi ne babban malamin jinya, majo Hamani, Bazabarme daga Doso, magidanci mai 'ya'ya uku. Shekara huɗu ina zuwa wurinsa ban taɓa ganin haƙorinsa ba.

Garin duka "mai allura" ake ce mini, kuma ba wanda ya zaci wani namiji zai tsaya ƙofar gidanmu. Sai ga Surajo, ɗan ci-ranin Abijan, da wandonsa mai faɗin ƙafa da rediyon kaset a kafaɗa. Ranar farko alawa ya kawo mini, ƙulli guda. Na ce ba na sha. Ya ce iyayi ne irin na 'yan mata. Na ce, "In kana son a kai ni kushewa jibi, ɓare mini ɗaya." Ya ajiye rediyonsa ya saurari bayanina har ƙarshe, washegari ya dawo da gyaɗa da kilishi. Ku gaya mini tsakani da Allah, wace yarinya ce ba za ta haukace a kansa ba? Aka kai gaisuwa, aka kawo akwati da atamfa turmi uku da kallabi da jigida baƙa mai ratsin ja, aka sa rana kafin damina. Shi ya koma Abijan, Baba ya tafi Jos neman abin da za mu ci, gida ya rage daga ni sai Inna Fatsima.

Ku tuna, shekarar ce bayan babban fari. Rumbuna wayam, mutane suna layin jar dawa ta taimako, wuyan kowa ya yi tsawo. Cikin wannan hali ni kaɗai nake ƙiba a garin. Ba wai muna da shi ba ne. Inna ce take hana cikinta ta ba ni, don in na yi allura ban ci ba sai gumi ya karyo mini in zube ƙasa. Ga shi kuma majo ya ƙara mini yawan insulin har sau biyu cikin 'yan watanni. Da na yi ƙorafi sai ya ce, da Hausarsa ta 'yan Zabarma:

"Kina zama mace ne. Lokacin balaga jiki yana fitar da wasu sinadarai, mu a lakwal, wato makaranta, ormon muke ce musu. Suna kokawa da insulin, dole in ƙara miki. Insulin kuma yana tara kitse, 'yan mata masu ciwonki sun fi samari tarawa. Ƙibar ba ciwo ba ce. Amma ki riƙa canza wurin allura, yau ciki, gobe cinya, jibi hannu."

A nan zan faɗi nawa laifin, tunda na ce gaskiya zan faɗa. Ban canza ba. Akwai wuri biyu ƙasan cibiyata da suka mutu, in na soka ba na jin zafi, sai na liƙe musu. Kitse ya taru a wurin ya yi tudu biyu, ƙasan cikina ya turo gaba kamar na ɗora ƙaramar ƙwarya a kife. Jinin al'ada kuma, da ma sau huɗu kacal na taɓa ganinsa, ya ɗauke cak. Majo ya ce haka yake yi wa masu ciwona, zai dawo in sukari ya daidaita. To amma a ƙauye wa ke tambayar majo? Mata suna da ido a kan buta. Sun ƙirga mini wata uku ban yi fashin salla ba, ni ban ma san ana ƙirgawa ba.

Ranar da asiri ya tonu, in ji su, a bakin rijiya ne. Ina jan guga jigidar Surajo ta tsinke, duwatsun suka watse cikin laka. Na duƙa da sauri in tsince, zanena ya zame. Ƙawata Biba ta yi wuf ta kare ni da jikinta, amma ina, an riga an gani. Kowa ta ɗauki tulunta ta kama hanya da sauri, kamar an ce gobara ta tashi a gidanta.

Washegari da hantsi, ranar ɗaya ga wata, Gwaggo Yalwa ta shigo gidanmu. Ƙanwar uban Surajo ce, ita ta raine shi tun rasuwar uwarsa, doguwa, busasshiya, da lulluɓin baƙin saƙi da goro a kumatu. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta tsallake ta ta tsaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni daga wuya zuwa ƙasa, fuskata ba ta ishe ta kallo ba.

"Fatsima, wata nawa?"

"Wata nawa mi, Yaya Yalwa?"

"Kar ki raina mini wayo. Gari duka yunwa ta cinye, ɗiyarki tana tumbatsa. Mi take ci da mu ba mu ci?"

"Allura ce. Majo ya ce..."

"Majo!" Ta tofar da jan yawu kusa da turminmu. "Ai kin hwaɗi sunan da kanki. Wanga baƙo da ke shiga da ita bayan labule shina ɗaga mata riga, shi ne malaminki? Mun ga masu ciwo, ramewa sukai. Yau anka fara ciwon da ke fiddo ciki, shi ɗauke jini?"

Na ce, "Gwaggo, wallahi tallahi ko hannuna wani namiji bai taɓa riƙewa ba. A ɗauko Alƙur'ani."

"Rufa mini baki, mai allura. Da ma na hwaɗa wa yaron nan, mata sun ƙare ne da zai kwaso mana jinya? Bai ji ba. To ni ba a yi mini rantsuwa. Da zare nika aiki, yadda kakanninmu sunka yi."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da shi. Zaren auduga ne da ta kaɗa da hannunta, ninki uku, an rina shi shuɗi da baba. Ta ce za ta ɗaura mini a ƙugu, daidai kan tudun, ta bar sararin yatsa ɗaya, ta liƙe ƙullin da ƙaro yadda ba wanda zai kwance ya sake ɗaurawa ba ta gane ba. In wata mai zuwa ya tsaya za ta dawo da tsofaffi biyu.

"In yatsana ya shiga, ni da bakina zan wanke ta a bakin rijiya. In zare ya nutse cikin nama, ko ya tsinke, ko anka taɓa ƙullin, ku fiddo mana akwatinmu."

Na juya na kalli Inna. Jira nake ta ɗauki muciya ta kore ta. Matar da ta kwana arba'in a gindin gadona a asibitin mishan, wadda ta san kowane tabo na jikina. Sai na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin kallabinta.

"Zali, shiga ɗaki ki tuɓe," in ji ta.

Wallahi masu karatu, zagin Yalwa bai yi mini ciwon da wannan maganar ta yi ba. Na shiga na tuɓe. Yatsun tsohuwar masu kaushi suka yi ta latsa cikina kamar mai zaɓen kabewa a kasuwa, ta ja zaren ta ƙulle, ta tauna ƙaro ta shafa. Da ta fita na tambayi Inna ko ita ma ta yarda da maganar. Ta ce, "Ni ban ce komai ba. In ba ki yi ba mi kike tsoro?"

Kashegari na matsa mata muka je wurin majo. Da ya ga zaren ya ji dalilinsa, sai da ya jefar da biron da ke hannunsa. Ya ce zai rubuta takarda mu je Madawa a auna ni, a ba mu shaida a rubuce cewa ba ciki. Inna ta kai wa Yalwa wannan magana da murnarta. Yalwa ta ce, "Takardar wa? Ta wanda ake zargi? Abokansa ne can, mi zai hana su rubuta mashi abin da yake so?" Inna ta dawo jiki a sanyaye, ta yanke hukunci: ƙafata ba za ta sake taka likita ba sai wata ya tsaya, ita za ta riƙa karɓo mini kwalba.

Na ce to, ba komai, ai ba ni da ciki, zare zai wanke ni. Wauta kenan irin ta yarinya. Na manta jikina bai san da wani zare ba, aikinsa yake yi. Kwana biyar yatsana yana shiga da ƙyar. Kwana tara ya daina shiga. In na ci tuwo na zauna sai in ji zaren yana cizona, in na ɗaga shi in ga ya bar shuɗin layi a fatata. Kullum da safe Inna za ta kira ni ɗaki ta gwada da nata yatsan, ta yi tsaki ta fita. Ta daina cin abinci da ni a ƙwarya ɗaya. Biba ma uwarta ta hana ta zuwa gidanmu. In na fita ɗiban ruwa sai mata su ja tulunansu gefe, wata ta ce wa wata, "Allah shi sauke ta lafiya," su kwashe da dariya.

Ku 'yan yanzu da waya ke hannunku, saurayi ya turo saƙo ki shige bargo ki karanta ke kaɗai, ku gode wa Allah. Mu kaset ake aiko mana. Ɗan ci-rani zai yi magana a rediyo, ya ba mai dawowa gida, a zo a kunna a tsakar gida kowa yana ji. A kaset ɗin baya Surajo yakan gama gaida manya ya ce, "Yanzu tsofaffi su toshe kunne, zan yi magana da Zali," a yi ta dariya ina rufe fuska. Rana ta goma sha ɗaya da ɗaurin zare, bayan la'asar, sai ga Yalwa da rediyo a hannu, mata shida suna biye da ita. Ta ajiye shi kan turminmu da ta kife, ta danna.

Ya gaida Gwaggonsa, ya gaida Inna, ya gaida liman, ya tambayi tumakin da suka rage. Ana jin ƙarar motocin Abijan a bayansa. Can ya yi gyaran murya.

"Zaliha ɗiyar Habu, na ji magana. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ni ina nesa, Gwaggo ita ce idona. In zare ya wanke ki, ranarmu tana nan yadda anka sa. In bai wanke ki ba, kar ki wahal da kanki ki aiko mini kaset, ba ni saurare."

Shi ke nan. Sai ya koma zancen buhun shinkafa da zai aiko. Zaliha ɗiyar Habu! Mutumin da ya zauna ya koyi sunan maganina, ya taɓa riƙe mini madubi ina duba idona ko ya yi ja. Yalwa ta mayar da kaset ɗin baya ta sake kunna wurin, wai ko ban ji da kyau ba. Matan suna kallona suna jiran hawaye. Ban ba su ba, na tashi na hura wutar dafa sirinji, don lokacin allurar yamma ya yi.

A gaban murhun nan tunanin ya zo mini. Na san abu ɗaya tak da ke ramar da ni, na taɓa ganin aikinsa ina 'yar sha biyu. Na ɗauko kwalba, na zuƙo insulin, da ya kai rabin layin da majo ya nuna mini sai na tsaya. Na soka rabin. Don Allah, duk mai wannan ciwo da ke karanta ni, ko mai ɗiya da ke da shi, kada ku kuskura. Ba dabara na yi ba, kabarina na fara tona da hannuna, kuma na sani sarai. Amma a lokacin gani nake gara in mutu da sunana da in rayu ana nuna ni da baki.

Kwana biyu ƙishirwa ta dawo. Na riƙa satar ruwan randa in Inna ta fita, in cika ta da wanda na ɗebo don kada ta ga ya ragu. Akwai ƙwayar da nake jefawa cikin fitsari a 'yar kwalba, in ya yi shuɗi sukari ya kwanta, in ya yi ja ya hau. Kullum ja yake yi kamar jar ƙasa, in zubar da sauri in ce wa Inna shuɗi ne. Ranar sha huɗu ta je ta karɓo sabuwar kwalba, ta ce majo ya ce lalle in je a auna ni, ita kuma ta ce masa ina lafiya. Na karɓa na tura cikin tulu kusa da tsohuwar da ko ƙarewa ba ta yi ba. Inna ba ta leƙa tulun, tun ina sha uku ni ke kula da kayana.

Ranar sha takwas yatsan Inna ya shiga. Ta sake gwadawa, ya sake shiga. Ta ɗaga hannu sama tana alhamdu lillahi, ta rungume ni, rabon da ta taɓa ni haka tun kafin zare. A daren ranar a ƙwarya ɗaya muka ci. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Leɓena ya bushe ya tsage, idona ya faɗa, ina zagayawa bayan ɗaki sau goma a wuni, duk ba ta gani ba? Ta gani mana. Ta ce zafin rani ne. Zaren kaɗai take kallo, ni ma shi nake kallo, mu biyu mun zama bayinsa.

Da na ga yana aiki sai na ƙara. Na daina allurar yamma gaba ɗaya, in dafa sirinji don ta ji ƙarar tukunya, in shiga ɗaki in fito. Kwana biyun ƙarshe ko ta safen ban yi ba, don so nake Yalwa ta ji kunya sosai. Cinyoyina suka saki, zanena ya riƙa zamewa, in na miƙe sai ƙasa ta juya. Ranar da aka ga wata da magariba, yara suna ihu a waje, ni ina bayan ɗaki ina amai, cikina yana murɗawa kamar ana matse wanki.

Da hantsi suka zo, Yalwa da tsofaffi biyu, wasu matan kuma suka tsaya a zaure suna leƙe. Na yi wanka da ƙyar, na ɗaura atamfa shuɗiya daga cikin akwatin, na sa kwalli, na shafa jan baki don ya rufe tsagar leɓena. Numfashina yana fita da ƙarfi kamar na yi gudu. Na dafa bango na tsaya a tsakar ɗaki na buɗe cikina.

Yalwa ta duba ƙullin. Ƙaronta yana nan, ba a taɓa ba. Ta sa yatsa ɗaya, ya shige. Ta sa biyu. Ta sa hannunta duka har wuyan hannu, zaren yana reto. Ɗaya tsohuwar ta ce, "Kai, Yalwa, yarinyar ga an ɗauki alhakinta." Inna ta fara share hawaye. Ni kuwa na ɗaga kai na kalli Yalwa ido cikin ido, ina jiran ta buɗe bakin nan nata ta ce mu tafi bakin rijiya.

Ba ta zare hannun ba. Ta matso ta shinshina bakina, ta kalli idona, ta kalli kaskon da na yi amai a ciki wanda na tura ƙarƙashin gado. Sai na ga ta yi murmushi.

"Ku dube ta da kyau. Wata guda, mutum shi zube haka? Ga amai, ga ciwon mara, ga warin magani a bakinta. An zubar da shi. Likitan nata ya ba ta abin da ya ba ta."

Tsohuwar da ta ce an ɗauki alhakina ta kama haɓa tana salati. A nan na gane, kwana goma sha tara ina kashe kaina a kan jarrabawar da tun farko ba a shirya in ci ba. In na ƙiba ciki ne, in na rame na zubar. Dariya ta so kama ni, amai ya riga ta.

Inna ta riƙe kafaɗata tana girgiza ni. "Zali, mi kinka sha? Hwaɗa mini mi kinka sha!"

"Har ke, Inna?" Muryata da ƙyar take fita. "Ban sha komai ba. Je ki duba tulu."

Ta fita da gudu. Na ji ƙarar yashi. Ta dawo da kwalba biyu a tafin hannunta, ɗaya da saura a gindinta, ɗayar ko rabi ba a taɓa ba, alhali yau ya kamata a ce duka sun ƙare an karɓo ta uku. Inna ba ta yi lakwal ba, amma ta san lissafin kwalbar nan fiye da kowa. Ta dube su, ta dube ni, na ga fuskarta ta canza.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar kaset."

Wani irin ihu ta yi da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ta zaro wuƙar yankan kuɓewa daga jikin danga, ta kama zaren ta datse shi, ta jefa wa Yalwa a fuska. Ta jawo akwatin da ƙafa har tsakar gida, atamfofin suna zubewa cikin ƙasa.

"Kwashi tsiyarki ki fita! Ke da ɗanki da zarenku, Allah ya isa tsakanina da ku!"

"Kun dai gani, ita ta tsinke shi," in ji Yalwa, tana naɗe zaren a yatsa cikin natsuwa. "Yau ɗin ga zan yi wa Surajo kaset."

Inna ta hura wuta, ta dafa sirinji, ta zuƙo insulin, ta soka mini a cinya, ita da tsoron allura bai taɓa barin ta ta kalla ba. Ta kawo ruwa, ina sha yana dawowa. Ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabcinmu Isufu kira ya ɗauro amalanken jakinsa. Suka kwantar da ni a kai, rana tana dukan fuskata, Inna tana gudu a gefe ba ko takalmi, tana cewa in daure, majo zai sa mini ruwa a jijiya kamar yadda aka yi mini a asibitin mishan, yanzu-yanzu zan warware.

Muka iso likita muka tarar da ƙofa a rufe da ƙaton kwaɗo. Inna ta yi ta dukan ƙofar da hannu biyu tana kiran majo. Mairamu mai sharar wurin ta fito daga bayan ginin da tsintsiya, ta gan ni kwance, ta kau da kai.

"Ai ya tahi shekaranjiya, shi da iyalinshi. Dangin Surajo sunka kai ƙara a kan maganar ɗiyarki, anka ɗauke shi. Sabon bai iso ba, makulli ma yana Madawa."

Isufu ya ce kamiyo ba ya zuwa sai ranar kasuwa, saura kwana uku, jakinsa kuma da wannan yunwar bai san ko zai kai rabin hanya ba. Inna ta hau amalanken ta ɗora kaina a cinyarta. Hawayenta yana ɗiga a goshina, ina jin muryarta kamar daga cikin rijiya.

"Zali, wallahi da cikin ne kinka yi, da na goya miki shi a bayana gari duka shina kallo. Mi ya sa ban hwaɗa miki haka ba tun ranar farko?"

Ta goge fuskarta da bakin zane, ta ce wa Isufu ya kora jakin, ko a hanya ne a mutu. Ya juya kan amalanken ya fuskanci Madawa, rana tana tsaka.